Ƙyandar Jamus: amsar wasiƙunku daga ƙasar Kurfai

Mutanen Filinge da Shikal, na Tukunus, Luma, Bankuku har Damana, muna gaishe ku da gajiya. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan ƙurajen yara suka zo, don haka yau nan za mu tsaya.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Tukunus. Ta ce: "Ɗiyata mai shekara 6 ta kwana da 'yar masassara, da safe ƙananan ƙuraje suka feso mata a fuska, suka gangara wuya da ƙirji. Na shafa bayan kunnenta na ji kaluluwa. Kwana 3 komai ya baje, tana ta wasanta. Uwar mijina ta ce ƙyanda ce, alhali an yi mata allurar ƙyanda tana wata 9. Ko allurar ce ba ta ci ba?"

Allah ya ƙara sauƙi, 'yar'uwa. Ba a duba yaro ta rediyo, amma abin da kika zayyana ya fi kama da ƙyandar Jamus, wadda ma'aikatan lafiyarmu ke kira rubeyol. Ƙyandar da iyayenmu ke tsoro ba ta barin yaro ya yi wasa. Jiki ya yi zafi rau, ga tari, ga majina, idanu su yi jajir, ƙurajen su kai kusan mako, daga baya fata ta yi saɓa. Ita kuwa wannan masassararta ba ta da ƙarfi, ƙurajenta ba su cika wuce kwana 3 ba, kuma kaluluwar bayan kunne da ƙeya ita ce babbar alamarta. Manya, musamman mata, sukan ƙara da ciwon gaɓoɓi, yatsu da wuyan hannu da gwiwa, na 'yan kwanaki. Ƙwayar cutar daban take da ta ƙyanda, saboda haka allurar ƙyanda zalla ba ta tare ta. Kada ki zargi allurar, kuma ki faɗa wa uwar mijinki haka cikin ladabi. Tabbaci dai sai an ɗebi jini a gidan likita an aika Yamai an gwada.

Magani fa? Babu wanda ke kashe ƙwayar, jiki ne ke korar ta da kansa. A ba yaro ruwa da kunu, ya huta, in jiki ya yi zafi a ba shi farasitamol daidai shekarunsa. Ban da asfirin ga yara. Kafson da ake saye a tebur ranar kasuwa kuwa asarar kuɗi ne kawai, ba ya taɓa irin wannan ƙwaya. In yaro ya fara fizge-fizge, ko barci ya yi masa nauyi har ba ya tashi, ko jini na fita ta hanci ko dasashi, a ɗauke shi sai likita.

Sai wani malamin makaranta daga Bankuku. Ya ce yara da dama a ajinsa sun yi ƙurajen bi da bi, yana son sanin ta ina take bi, kuma ko ya sallame su gida.

Malam, ta iska take bi, tari da atishawa da numfashin kusa. Takan yi mako 2 zuwa 3 a jiki kafin ta nuna kanta, kuma mai ita yana yaɗa ta tun kusan mako guda kafin ƙuraje su fito, har mako guda bayan fitowarsu. Wasu ma, har kusan rabin masu kamuwa, ba za a ga komai a jikinsu ba. Shi ya sa rufe aji ba ya tsayar da ita. Wanda ƙuraje suka fito wa ya zauna gida kwana 7, ka kuma sanar da gidan likitan garinku. Amma aikin da ya fi wannan shi ne ka aika wa iyaye: duk gidan da ke da mai ƙaramin ciki, ta nisanci yaron. In akwai malama mai juna biyu a makarantar, ita ce farkon wadda za ka gaya wa.

Wannan ya kawo mu wasiƙar da na fi daɗewa riƙe da ita. Babu suna, babu gari. Ta ce: "Cikina wata 2, na fari ne, ban faɗa wa kowa ba. Ƙanen mijina ya yi irin ƙurajen nan, ni ke ba shi abinci. Ina cikin haɗari?"

Ƙanwata, kin kyauta da kika rubuto. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Mata da yawa a ƙasarmu sun yi cutar tun suna yara ba su sani ba, kuma wanda ya yi ta sau ɗaya da wuya ya sake. Gwajin jini na iya nuna ko kina cikinsu. Amma ba zan ɓoye miki ba: in mace ta kamu a watanni 3 na farko, cikin 10 har 9 ƙwayar na kaiwa ga ɗan tayi, a daidai lokacin da ido da kunne da zuciya ke haɗuwa. Yana iya zama ɓari, ko a haifi jariri kurma, ko da yana a ido, ko da ciwon zuciya. Bayan mako 20 haɗarin yakan ragu ƙwarai. Wani likitan ido a Ostareliya, Norman Gregg, shi ya gano haka a 1941, da ya ga jarirai masu yanar ido sun yi yawa, ya bi sawu ya tarar iyayensu mata sun yi wannan cuta da ƙaramin ciki. A Amurka, annobar 1964 zuwa 1965 ta bar jarirai wajen 20,000 da irin wannan lahani.

Na san al'adarmu. Cikin fari ba a faɗarsa, amarya sai ta yi ta jan zane har sai ya fito da kansa, awon ciki kuma sai wata 5 ko 6. Kunya ado ce, ban musa ba. Sai dai watannin da ake ɓoyewa su ne watannin da cutar ke ɓarna, kuma ba wanda zai hana ki jinyar yaro ko zuwa dubiya in bai san halin da kike ciki ba. Ba sai gari ya ji ba. Ki faɗa wa maigidanki, ki bar wa wata hidimar yaron, gobe ki je wurin ungozomar gidan likita ki ce mata kin zauna da mai ƙuraje. In kin sauka lafiya, ki lura da jaririn: farin ɗigo a tsakiyar baƙin ido, rashin firgita in an buga ƙofa, ko saurin gajiya da haki wajen shan nono. Yanar ido ana cire ta, kuma gwargwadon saurin kai shi, gwargwadon abin da zai gani. Jaririn da aka haifa da cutar yana iya yaɗa ta har shekara guda, don haka masu ciki su dakata da ɗaukarsa.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ne mai fataucin dabbobi a kasuwar Baleyara. Ya ce ya ji a Najeriya ana yi wa yara allura har manya-manya, yana tambaya ko ta wannan ciwon ce.

Ita ce, Alhaji. A watan Oktoba na 2025 Najeriya ta fara gangamin allurar da ta haɗa ƙyanda da ƙyandar Jamus, ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14. Gana da Senegal sun shigo da ita tun 2013, Burkina Faso a 2014. Allurar ƙyandar Jamus ba sabuwa ba ce, tun 1969 ake yin ta, guda ɗaya tana kare fiye da 95 cikin 100, kuma da ita nahiyar Amurka ta kawar da cutar, aka tabbatar a 2015. Maza ma ana yi musu, don su ma suna kai ta gida. Mai ciki kuwa ana cewa ta jira sai ta haihu, wadda aka yi wa kuma ta bari wata guda ya wuce kafin ta ɗauki ciki. A nan gida an daɗe ana yin ta ƙyanda zalla, saboda haka a ɗauki katin allurar jikokinka a kai gidan likita, a tambaya wacce aka yi musu, wacce kuma ake da ita yanzu.

Lokaci ya cim mana. Masu tambaya kan sanƙarau, wasiƙunku na nan a hannuna, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.