Zaren Filfilo Mai Hannu Biyu: Abin da Mai Koyo Zai Duba

Ina koyar da fasaha a wata ƙaramar sakandare a cikin garin Gombe. Idan hunturu ya kankama, iskar arewa maso gabas tana kaɗawa ba yankewa, nakan fita da ɗalibai fili mu saki filfilo sama. Wajen haɗa na leda da tsinken tsintsiya kam, yaran Bolari da Jekadafari ba sa neman malami. Wanda ke ba su wuya shi ne mai zare biyu, irin wanda yayye ke sayowa ta intanet. Wani ɗan Ingila, Peter Powell, shi ya yaɗa irinsa a shekarun 1970: ka ja dama ya karkata dama, ka ja hagu ya bi hagu, har ya yi alkafura a sama.

Kusan duk wanda aka kawo mini ana cewa ya lalace, lafiyarsa lau. Zaren ne matsalar. Na asalin ya tsinke ko ya cukurkuɗe, sai yaro ya ruga babbar kasuwa ya sayo zaren ɗinkin takalmi ko na ɗinke buhu ya ɗaura. A filfilo mai zare ɗaya wannan ba laifi, tunda riƙe shi kawai ake yi. A mai biyu kuwa zaren linzami ne, kuma duk mahayin da ya taɓa hawan salla ya san ba a sarrafa doki da linzamin roba. Zaren nailan yana talewa. Kafin jan da ka yi ya isa sama, filfilon ya riga ya dungura ƙasa.

Abin da ake so shi ne zaren da aka kitsa da Dyneema ko Spectra. Sunayen kasuwa ne na abu guda, na farkon daga Holan, na biyun daga Amurka. Siriri ne, mara nauyi, da ƙyar yake talewa, ga santsi, shi ya sa ko zarurrukan biyu sun nannaɗe juna bayan alkafura kana iya ci gaba da tuƙi. Idan bai samu ba, zaren fatsa kitsattse mai alamar PE a kwalinsa danginsa ne, zai yi maleji. Wanda ban yarda da shi ba shi ne zaren fatsa mai sili ɗaya, mai kama da gilashi, irin wanda masunta suka saba da shi: yana talewa, yana yanka yatsa, kuma mai wucewa ba ya ganinsa.

Ga ƙaramin filfilo mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zare mai ɗaukar kilo 25 zuwa 45 ya wadatar. Iyaye sukan zaɓi mafi kauri wai don kada ya tsinke, amma iska na kama zare mai kauri, sai ya yi ciki, filfilon ya yi nauyi. Tsawo kuma mita 20 zuwa 25. A nan ne yara ke gardama da ni, suna ganin gajere ya fi sauƙi. Ba haka ba ne. Da gajeren zare, filfilo yana ratsa sararin da yake da shi cikin ƙiftawar ido, mai koyo bai ma yanke shawara ba.

Dole zarurrukan biyu su zo daidai. Kafa ƙusa a ƙasa, rataya kawunansu, koma ɗaya ƙarshen ka ja su tare. Wanda ya saki jiki shi ne dogo, a rage shi. Bambancin da bai fi faɗin yatsa biyu ba ya isa ya sa filfilo ya riƙa jan gefe guda. Sabon zare yakan ɗan saki bayan fitar farko, don haka a sake awo. Dyneema kuma yana da rauni biyu: ƙulli yana rage masa ƙarfi, shi ya sa ake zura bakinsa cikin 'yar rigar zare kafin a ƙulla, sannan yana narkewa a zafin da bai kai digiri 150 ba. In ya goga da zaren buhu na yaron da ke gefe, mai tsadar ne zai tsinke.

Akwai zaren da ba na ko tattaunawa a kansa. Na sha ƙwace wayar koyil ta tsohuwar fanka a hannun ɗalibai, suna yabon ƙarfinta. Layukan unguwanninmu cike suke da wayoyin wuta masu ƙarfin bolt 11,000 da 33,000, ga babban layin 330,000 da ya taso daga Jos. Ko zaren auduga, in ya jiƙe, yana ɗaukar wuta. Da jiƙaƙƙen zaren filfilo Benjamin Franklin ya yi gwajinsa na walƙiya a 1752. Idan filfilo ya maƙale a waya, a saki zaren a bar shi, kada a kawo gora.

Sai zaren da ake shafa wa garin kwalba don a yanke na abokin wasa, wanda yaranmu suka fara gani a bidiyon waya. Ya yanka wuyan masu babur a Indiya da Pakistan, har aka hana Basant, bikin sakin filfilo na birnin Lahore, a 2007. A Brazil masu babur ƙarfe suke kafawa a gaba don ya tare zaren. Garin da 'yan acaɓa ke ratsa kowane lungu kamar namu ba wurin gwada wannan ba ne. A nemi fili mai nisa da titi da wayoyi, kada kuma a doshi wajen filin jirgin sama na Lawanti.