Kafin ku jera tankokinku na yumɓu

Ƴan'uwana matasa, wanda ya tashi a Madarunfa ya san yadda yara kan ƙera mota da doki da yumɓun bakin tafki. In kun ƙera tankokin yaƙi kuna so su zama wasan dabara irin dara, ku fara zaɓar ƙa'ida.

Ku tambayi kanku: ƴar tanka ɗaya tana wakiltar nawa? A ƙa'idar wasan da ake kira Team Yankee, kowace ɗaya tanka guda ce, don haka in sun yi yawa tabarma ta cika, wurin kewaya abokin gaba ya ƙare. A wasan Modern Spearhead kuwa, ɗaya tana tsaya wa ƙaramin rukuni na tankoki. Mai son babban fage, irin wannan ya kamata ya bi.

Ku ƙanƙanta su. Masu wasan Modern Spearhead kan yi amfani da ma'aunin 1:285, inda tanka ba ta wuce kwanson gyaɗa ba. Kara ya zama gada, yashi ya zama tudu.

Ku ɗauki ƙa'idar da za a gama tsakanin la'asar da magariba, ku rubuta ta da Hausa a takarda ɗaya. Ku naɗa alƙali, kamar yadda wani mai suna Reisswitz ya tsara wa hafsoshin ƙasar Furusiya a nasu wasan yaƙin a 1824, don gardama ba ta kashe wasa in akwai mai raba ta. Kada kuma kuɗi ya shigo, wasan ya koma caca.