Amsoshin Tambayoyinku: Inshorar Kwalekwalen Lantarki

Wani mai sauraronmu daga Legas yana tambaya: shin ana yi wa kwalekwalen lantarki mai shawagi bisa ruwa inshora?

To Malam, ana yi. Kamfanin Candela na ƙasar Suwidin na ƙera irinsa, samfurin C-8. Fikafikai ne a ƙarƙashinsa, idan ya ɗauki gudu sai su ɗaga shi sama da ruwa. Caji ɗaya kan kai shi kusan kilomita 100.

Masu inshora kan duba farashinsa, wurin ajiyarsa, nisanka da gaɓar teku, da ƙwarewar matuƙi. Kafin ka sa hannu, tabbatar yarjejeniyar ta haɗa da batiri da fikafikan, domin gungumen da ruwa ya kwaso na iya karya fikafikan, gyaransu kuma akwai tsada.