Hazon Safiya da Ruwan Bankwana

Duk ɗalibin da ya fita sharar safe cikin watan Oktoba yakan tarar da ciyawa jiƙe sharkaf, hazo kuma ya kwanta a fadama, alhali ba a yi ruwa ba. Me ke kawo haka?

Iska iri biyu ke juya yanayin ƙasarmu. Ɗaya daga tekun Atlantika take tasowa da damshi, ita ke kawo damina. Ɗayar busasshiya ce daga hamadar Sahara. Da kaka, ta hamada takan kora ta tekun zuwa kudu, shi ya sa ruwa ke ɗaukewa a Katsina tun Jos na samu. Da yake gizagizai sun ragu, zafin ƙasa yakan fice da dare, gari ya yi sanyi, sauran damshin ya zama raɓa da hazo. Wannan hazo na ruwa ne, rana na ɗagawa ya watse. Na hunturu kuwa ƙura ce.

Amma iyayenmu manoma a yi hattara, ruwan bankwana ba ya sallama. In ya daki gyaɗar da aka shanya ta yi fumfuna, wahalar shekara ta tashi a banza. Allah ya ba mu kaka mai albarka, amin.