Wane launi za mu shafa wa durum ɗin shara?

Tambaya: Ƙungiyarmu ta matasa a Kangire ta samu durum-durum da za mu ajiye a kasuwa da bakin titi domin zuba shara. Wane fenti ya dace da su?

Amsa: Babu launin da duniya ta yi ittifaƙi a kansa. A Jamus shuɗi na takarda ne, rawaya na robobi da gwangwanaye, ruwan ƙasa na ragowar abinci. A Legas kuwa hukumar kula da shara, LAWMA, ta ware shuɗi ga kayan da ake sake sarrafawa. Amfanin launi shi ne ya hana cakuɗa shara.

Cakuɗar ce ke cutar mu. Yawancin shararmu toka ce, ɓawon rake da na gyaɗa, da kashin dabbobi, wato takin da manomi ke kwasa daga juji ya kai gona da rani. Da leda ta shiga ciki, ta ɓata takin. Akuya ta haɗiye ta, ta yi ta ramewa. Da damina kuma ta toshe kwalbati, ruwa ya koma gidaje.

Launi uku sun ishe ku. Kore na abin da ke ruɓewa, a ba manoma. Shuɗi na gorar roba, ledar fiya wata, gwangwani da ƙarfe. Abin da 'yan jari bola ke saye a ciki ku sayar, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya. Baƙi na saura, kamar kunzugun yara da fasasshen gilashi.

Ku guji rawaya da ja. A asibiti, waɗannan launuka na shara mai ɗauke da cuta ne, irin allura da auduga mai jini. Gara yara su tashi da sanin ba a taɓa irinsu.

A jikin kowane durum ku zana hoton abin da ake zubawa, don ba kowa ke karatu ba. Ku huda gindinsa kada ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa, ku yi masa murfi saboda awaki.

Kafin ku sayi fenti, ku zauna da sarkin kasuwa da duba-garin ƙaramar hukumarku ta Birnin Kudu ku tsayar da wanda zai riƙa kwashewa bayan kowane cin kasuwa. Durum ɗin da ya cika aka bar shi, ko wane launi ne, ya zama bola.