Allurar Sinawa Za Ta Raba Ni da Ciwon Baya?

Tambaya: Ni manomi ne a Paikon Kore. Ciwon baya ya hana ni huɗar doya. Wanzami ya yi mini ƙaho, ciwon ya lafa, ya kuma dawo. An ce a Abuja akwai masu soka allurar Sinawa, wai har ciwon suga suna warkarwa. Gaskiya ne?

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi.

Wannan jinya ta daɗe. Littafin Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000, ya yi bayaninta. A fahimtar likitocin gargajiyar Sin, akwai wani ƙarfi mai suna "ci" da ke zagaya jiki ta wasu hanyoyi, in ya toshe sai cuta ta taso. Sai a kafa siraran allurai a wurare na musamman, guda 361 a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a bar su kamar minti 20. Ba ruwan magani a cikinsu. Likitocin zamani ba su ga waɗannan hanyoyi a jiki ba. Abin da suka gani shi ne sukar tana taɓa jijiyoyi, jiki ya saki sinadaran da ke dusashe zafi.

Ga inda zancen ya yi daɗi. A Jamus an yi babban gwaji a kan masu ciwon baya irin naka. Waɗanda aka yi wa allurar sun fi masu jinyar da aka saba samun sauƙi. Amma waɗanda aka soka musu ita sama-sama, ba a wuraren da littafi ya ce ba, su ma sun samu kusan irin wannan sauƙin! Duk da haka tun 2007 inshorar lafiyar ƙasar take biyan kuɗinta ga masu daɗaɗɗen ciwon baya da na gwiwa. A ganina tana rage zafi, kamar yadda ƙaho ya yi maka, amma ba ta gyara ƙashin da ya goce.

Batun suga kuwa, kada ka saurara. Wanda ya ce ka ajiye maganin suga ko na hawan jini saboda allura, aljihunka yake nema.

Kafin ka biya kuɗin mota zuwa gari, fara zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke nan Gwagwalada, a gano tushen ciwon. In ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana kuɓuce maka, ko kana ramewa, kada ka kwana. In likita ya ce ba matsala, nemi mai takardar shaidar ƙwarewa, kuma a buɗe sababbin allurai a gabanka. Wadda aka soka wa wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau, wadda ta zarce a ƙirji ko saman baya kuma tana iya huda huhu.