Matasanmu a ƙofar kanti: yadda ake tara wa maƙwabta abinci

Aikina kula da rumbun abinci na wata ƙungiyar unguwa, inda iyalai masu ƙaramin ƙarfi ke zuwa karɓar kayan miya da na tuwo. Duk ƙarshen mako na ƙarshe a watan Nuwamba, bankunan abinci 79 na nan Faransa kan fitar da masu aikin sa-kai sama da 100,000 zuwa manyan kantuna, sanye da 'yar shara ruwan goro. Ina so yaranmu su shiga cikinsu, kuma su shiga da shiri.

Na san abin da ke hana wasu iyaye. Sun ce tsayawa a bakin kanti ana miƙa hannu bara ce. Wallahi ba bara ba ce. Yaron ba ya taɓa kuɗin kowa, kuma ko ƙwayar shinkafa ba ya kai ta gida. Jaka yake miƙa wa mai shiga sayayya tare da takardar kayan da ake buƙata, in mutumin ya fito ya ajiye abin da ya sawwaƙa. Ɗan aike ne tsakanin mai hali da mabuƙaci, don kada su haɗa ido wani ya ji kunya.

Wani zai ce ai kantunan suna bayarwa da kansu. Gaskiya ne, tun 2016 dokar Garot ta tilasta wa duk kantin da faɗinsa ya wuce murabba'in mita 400 ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin agaji maimakon zubar da abincin da bai sayar ba. Amma abin da ke zuwa mana ta wannan hanya yawanci burodi ne, da yogot, da ganye, kayan da kwanansu ya kusa ƙarewa. Man girki, da kifin gwangwani, da sukari, da madarar jarirai, da sabulu ba sa saurin lalacewa, don haka kanti ba ya gaggawar rabuwa da su. Waɗannan sai an nema a ƙofa.

Nan ne nasarar aikin take, kuma tun kafin ranar ake samunta. Ku fara zuwa rumbun da za ku kai wa kayan, ku tambayi abin da ya yi ƙaranci. In ba a faɗa wa mai saye ba, taliya zai ɗauko, domin ita ce mai arha kuma kusa da hannu. Sai ka ga rumbu ya cika da taliya, uwa mai goyo kuwa ta koma gida babu madara babu ƙunzugu. Takardar kada ta wuce kaya biyar ko shida, da hoton kowanne, saboda mai shiga kanti sauri yake yi.

Bayan haka a ga manajan kantin tun da sauran makonni, a karɓi izini a rubuce, a san inda za a tsaya da inda mota za ta yi lodi. Duk yaron da bai kai shekara 18 ba ya zo da takardar amincewar iyayensa, kuma kowace ƙofa ta kasance da babba guda. A raba aikin awa biyu-biyu ko uku-uku, domin sanyin ƙarshen Nuwamba ba ya raga wa mai tsayuwa.

Kafin yaran su fita nakan zaunar da su mu gwada maganar. Gaisuwa, sunan rumbun, abu ɗaya da aka fi buƙata, shi ke nan. Wanda ya wuce bai kula ba, a yi masa fatan alheri, kada a bi shi da ido. Mai yiwuwa shi ma gobe a layinmu zai tsaya. Kuma ba a ɗaukar hoton kowa sai da yardarsa.

Sai tantancewa. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, da ƙunshin da ya yage, a ware su. A koya wa yaran bambancin kwanan wata biyu: DLC, wanda in ya wuce ba a ci, da DDM, wanda in ya wuce abincin na iya rage daɗi amma yawanci bai lalace ba. In kayan da ke da naman alade sun shigo, kada a mayar wa mai bayarwa. A sa su a kwalinsu daban, domin rumbun na kowa ne, akwai masu cinsu. Daga nan a ɗora komai a sikeli, a faɗa wa yaran nauyin abin da suka tara, a kuma gayyace su ranar rabo. Wanda ya ga inda guminsa ya tafi, ba sai an lallashe shi baɗi ba.

Iyaye, rajista kan buɗe tun kafin Nuwamba. Ku nemi bankin abinci na yankinku ko ƙungiyar unguwarku, ku rubuta sunan yaro, ku ma ku ɗauki awa biyu ku tsaya tare da shi. Allah Ya sa albarka a zuri'a, Ya hore mana abin bayarwa.